Hoton Uwar Biyu Na Ashirin

Ƙanena Auta mai zanen mutane ne, kuma tun yana ɗan shekara tara muka gane Allah ya jarabce mu da shi. Wata rana Baba ya dawo daga aiki ya kishingiɗa a kujera, barci ya kwashe shi. Auta ya samo fensir da bayan tsohuwar kalanda ya zauna a gabansa. Da Baba ya farka sai aka miƙa masa kansa da kansa: baki a buɗe, yawu ya gangaro ta gefe guda, gashi uku sun leƙo daga hanci. Uku fa, ba biyu ba, don ni da kaina na lallaɓa washegari na ƙirga. Duk wanda ya ɗauki takardar sai ya ce, "Kai, Baba ne sak!" Wannan yabon shi ya jawo wa Auta bulala shida. Da ɗan mutane ne da ya ɗauki darasi. Shi kuwa yana kuka yana kallon fuskar Baba, wai bai taɓa lura jijiyar goshinsa tana tashi haka in ya yi fushi ba.

Da ya girma ya tafi makarantar koyon zane. Abokan karatunsa masu wayo ne. Wani zai watsa jan fenti a ƙyalle, ya ja baƙin layi a tsakiya, ya ce wannan kukan duniya ne, a tafa masa a ba shi lambar yabo. Auta kuwa sai ya shekara yana fama da gwiwar hannun wani tsoho. Ya fito da takardarsa da doka guda da ya kafa wa kansa, ba wanda ya aike shi: ba ya zana abin da ba ya gabansa. Ba ya kwafa daga hoton kyamara, ba ya zanawa da ka. Sai ka zo da ƙafarka ka zauna masa a wata kujera mai gajeriyar ƙafa ɗaya, kusa da taga, daga ƙarfe tara zuwa sha biyu, don a cewarsa rana in ta wuce sha biyu maƙaryaciya ce. Zama talatin, zama arba'in, kana motsi yana tsaki.

Da farko masu hali sun zo, don labari ya bazu cewa akwai wanda in ya zana ka sai ka ce hoton zai yi magana. Ba su tsaya sun tambayi me hoton zai faɗa ba. Shugaban wani kamfanin sabulu ya yi zama talatin da shida, ranar da aka juyo masa da hoton sai ya ce, "Malam, wannan tumbin fa?"

Auta ya ce, "Ranka ya daɗe, da shi ka zo."

Matar wani alƙali ta roƙe shi ya cire mata wani ɗan tsiro da ke gefen haɓarta. Ya ce ba komai, ta bar shi a gida gobe, sai ya zana ta babu shi. Haka aka yi ta dawo masa da hotuna, har ɗakin aikinsa ya cika da manyan gari sun juya wa bango fuska. Sai ya kama koyar da zane a makarantar sakandare, shekara talatin da ɗaya, yana koya wa 'ya'yan mutane zana kofi da lemo. Da safiyar ranakun hutu kuma ya zana waɗanda ba su da bakin ƙorafi: mahauci, mai wanki, direban bas da ya yi ritaya, sai kuma matarsa.

Matar nan, Uwar Biyu, tun da ta haifa masa tagwaye sunan ya bi ta, ni dai ban san laifin da ta yi wa duniya ba. A gidan waya ta yi aiki har ta gama, mace mai tsafta, mai kyau kuwa, in ta wuce sai an waiga. Amma ku je ku duba hotunanta goma sha tara da mijinta ya zana. Akwai wanda take mura, hanci ya yi ja kamar an murza shi. Akwai na cikin tagwaye, ƙafafu sun kumbura kamar matashin kai. Akwai wanda suka yi faɗa da safe, ya ce kada ta saki fuskar, ta riƙe masa ita haka har mako uku, bakin nan ka rataya jaka ta zauna. Ta taɓa ce min, "Yaya, in na mutu jikokina za su ɗauka a asibiti na yi rayuwata."

Na ce, "To me ya sa kike zama masa?"

Ta ce, "In ban zauna ba wa zai zauna? Kuma awa ukun nan su kaɗai ne yake kallona ba ya tunanin wani abu."

To, ana nan, Auta ya haura sittin, ya ajiye alli, sai hannunsa ya fara canzawa. Ba rana ɗaya ba, a hankali. Fuskokin da yake zanawa suka yi laushi. Kuraje suka ɓace, tamoji ya kwanta, komai ya koma ruwan zuma kamar an tsoma hoton a shayi. Mahaucin nan da ya zana karo na biyu sai ka rantse ɗan sarauta ne da ya yi wanka da madara. Mu dai muka ce tsufa ya fara koya masa kunya.

Sai ga wata mai shagon sayar da hotuna ta ji labari ta zo. Ni 'Yar Tabarau nake ce mata, don tabaraunta a sarƙa yake rataye a wuya, ba ta saka shi sai za ta faɗi ƙarya. Ta shiga ɗakin aiki ta dafe ƙirji, ta ce shekara nawa ana ɓoye mata wannan taska. Ta kawo wani Farfesa mai rubutu a jarida, ya tsaya gaban hoton mahauci ya karkata kai hagu, ya karkata dama, ya je ya cika shafi guda. Wai Auta ya kai matakin da ƙwararru kaɗan ke kaiwa, ya daina kallon fata ya koma kallon ruhi. Har suna ya raɗa wa abin, Shekarun Zuma. Mutanen da iyayensu suka dawo da hotuna, su ne yanzu ke layi. Auta ya karanta jaridar, ya kai ta har kan hancinsa, ya ce shi bai san ruhi ba, abin da ya gani yake zanawa kamar kullum. Aka yi dariya aka ce tawali'u ne.

A cikin shekarun nan ne ya zana Uwar Biyu karo na ashirin. Ta saka shuɗiyar rigarta, ta zauna zama arba'in da biyu, ba ta sa rai da komai ba. Ranar da ya ce ya gama ina gidan. Ya juyo da hoton, muka tsaya. Rigar ba shuɗiya ta fito ba, wani launi ne tsakanin zuma da ƙasa, amma wa ke ta riga? Fuskar nan sumul, hasken taga ya kwanta a kumatunta, idanun sun yi taushi, bakin kamar yanzu aka gaya mata wani abu mai daɗi tana ƙoƙarin kada ta yi murmushi. Ita ce, ba wata ba, amma ita ce a ranar da duniya ba ta taɓa ta ba.

Uwar Biyu ta wuce kicin wai za ta ɗora ruwa. Na bi ta na tarar ta tsaya gaban murhun da ba ta kunna ba, tana share ido da bayan hannu.

Ta ce, "Yaya, ashe yana gani."

A ranar ta sauke agogon falo ta rataye hoton a gurbinsa. Baƙo ko ruwa bai sha ba sai an nuna masa. 'Yar Tabarau ta yi naci har ta gaji, don tana shirya wa Auta babban baje koli, ta riga ta kwashe sauran hotunan zumar zuwa shagonta, wannan take so ya zama na bakin ƙofa. Uwar Biyu ta ce ko jirgin sama za ta kawo mata, hoton nan ba ya fita daga falonta.

Saura wata biyu baje kolin, Auta ya zuba shayi a gefen kofi, ya ci gaba da zubawa har ya gangaro masa a cinya. Kwana uku bayan haka na gan shi da idona ya tsaya a bakin kicin yana gaida tukunyar gas, wai ya ɗauka gajeriyar maƙwabciyarsu ce. Har yana tambayarta ya mai jiki. Muka saka shi a gaba sai wajen likitan ido.

Likita ya haska, ya sake haskawa, ya ce, "Baba, da me kake sana'a?"

"Zane."

Likitan ya ɗauka wasa ne. Ya ce yanar ido ce ta rufe idanun duka biyu, ta yi kauri ta yi rawaya, a ƙalla shekara biyar zuwa shida yana kallon duniya kamar ta cikin gilashin da aka shafa wa mai. Na lissafa a zuciyata, shekara shida cif da fara Shekarun Zuma. Ashe ruhin da Farfesa ya hango, a cikin idon ƙanena yake zaune, kuma minti ashirin ya isa a cire shi. Likita ya ce ba a yin ido biyu rana ɗaya, za a fara da na dama, bayan mako shida a yi na hagu.

Ranar da aka cire bandeji muna tsaye a kansa, ni da Uwar Biyu. Ya ƙifta, ya ƙifta, ya kalli likita ya ce, "Ashe kana da kurajen aski." Ya juyo kaina ya ce, "Yaya! Yaushe kika tsufa haka?"

Na ce, "Tun ranar da aka haife ka na fara."

Sai ya kalli matarsa. Ya daɗe yana kallo, daga goshi zuwa wuya, kamar mai duba kayan da aka canza masa a kasuwa. Bai ce komai ba. Da ma ya faɗa da ya fi.

Muna isa gida ya tsaya a tsakiyar falo gaban hoton. Ya rufe idon dama da tafin hannu, ya kalla da na hagu mai yana, ya gyaɗa kai. Ya rufe na hagu ya buɗe na dama, ya yi baya kamar an mare shi. Haka ya yi ta yi, hagu, dama, hagu, dama, sai ka ce mai ba da hannu a titi.

Can ya ce, "Wannan ƙarya ce."

Uwar Biyu ta ce, "Baban Biyu, zo ka zauna a ɗiga maka magani."

"Ina layin goshinki? Ina na gefen baki? Rigar nan ba shuɗiya ba ce? Wa ya sa hannu a kan wannan abin?"

"Kai ka sa."

Washegari da sassafe ya saka baƙin tabaran da likita ya ba shi ya tafi shagon 'Yar Tabarau, ya ce a ba shi hotunansa duka ashirin da bakwai zai gyara. Ta saka nata tabaran ta ce ai mabuɗin ɗakin ajiya ya ɓata, kuma ko an gan shi, kowane hoto ya riga ya yi mai shi. Ya je wajen Farfesa ya kai masa takardar likita, ya ce ya rubuta a jarida cewa kuskure aka yi. Farfesa ya karanta, ya karkata kai, ya ce wannan ai ya ƙara wa abin zurfi, jiki da kansa ya yi wa mai zane hijabi don ya ga abin da ke bayan gani. Irin mutanen nan ko rijiya ka jefa su, za su fito su ce wanka suka shiga.

To ka ga hoto ɗaya ya rage da hannun Auta zai iya kaiwa, shi ne na falo.

Ya fara da lallami, irin nasa. Ya ce zama biyar kawai yake so, ba zai taɓa idanun ba, goshi ne da wuya da gefen baki, sai rigar. Uwar Biyu ta ce ba ta zama. Ya ce uku. Ta ce ko rabin ɗaya. Nan ne fa dokarsa ta juyo ta kama shi, don mutumin da ya shekara arba'in yana cika baki ba ya zana abin da ba ya gabansa, ga hoto, ga fenti, ga sabon ido, amma mai fuskar ta ce ba ta bayarwa.

Sai ya koma sata. Tana yanka albasa yana tsaye a ƙofa yana ƙare mata kallo. Tana waya yana leƙowa ta taga. A wajen cin abinci ya bar cokali a sama ya kafa wa wuyanta ido, har ta koma cin nata tana fuskantar firiji. In ya shigo falo ta ɗaga jarida ta rufe fuska, shafin Farfesa kuwa take juyo masa. Mata da miji masu jikoki biyar suna ɓuya a gida mai ɗaki uku.

Da abin ya ishe shi ya zo gidana. Ya zauna bai ko gaishe ni da kyau ba ya ce, "Yaya, ki yi mata magana, tana jin taki."

Na ce, "Auta, kai wane irin mutum ne? Sau ɗaya a rayuwarka ka yi abin kirki, shi ma ba da saninka ba, shi ne kake neman gogewa?"

Ya murza gwiwa. Sai ya ce, "In na mutu hoton nan zai rage, a ce ga matarsa. Ni kuwa matar da ke ciki ban san ta ba. Tawa tana da layi biyu tsakanin gira. Na hagun ya fito shekarar da tagwaye suka yi ƙyanda tare, kwana tara ba ta kwanta ba. Na daman ni na jawo shi, lokacin da na kori mai sabulu. Na gefen baki na dariya ne, ta gefe ɗaya take yi. Duk na san ranar da kowanne ya zo. Shekara shida an ɓoye min su, yanzu na gan su, har da sababbin da ban san labarinsu ba. Waccan ta bango ba ta yi komai da ni ba, Yaya. Ko ruwa ba ta taɓa ba ni ba."

Na ce, "To tashi ka je ka gaya mata haka, yadda ka gaya min, kada ka ƙara kada ka rage."

Ya tafi. Da yamma Uwar Biyu ta kira ni a waya. Ashe da ya isa ya zaunar da ita, ya ce yana da magana mai muhimmanci, ya kama haɓarta ya juya ta wajen haske, ya ce ya ƙirga, goma sha bakwai ne, ban da na wuya. Hali zanen dutse. Ka ba Auta zinariya ya kai saƙo, sai ya tsaya a hanya ya auna ta ya kai nauyin.

Na je na same ta, na yi ƙoƙarin gyara masa, na maimaita mata abin da ya ce a gidana. Ta saurara har ƙarshe.

Ta ce, "Na yarda ya faɗa. Na kuma san yanar ido ce ta zana hoton nan, Yaya, ni ba yarinya ba ce, ina da madubi. Amma yana da goma sha tara na gaskiya a ɗakinsa, ya je ya rungume su. Ni da na ba shi safiyata ta shekara arba'in a kujerar nan mai karya baya, guda ɗaya nake so in kalla in ji daɗi. Ko ciwo ne ya ba ni, an dai ba ni."

Kowa a cikinsu ka saurara sai ka ce shi ke da gaskiya, irin shari'ar da ke sa alƙali ciwon kai.

Ranar wata Talata muka fita kasuwa ni da ita da misalin ƙarfe tara. Mun kai bakin titi ta tuna ta bar jakarta a kan tebur, muka juya. Muna shiga falo sai ga ƙusa tsirara a bango. Ta yar da kwandon hannunta ta nufi ɗakin aiki, ina biye.

Ga hoton a jingine kusa da taga. Ga Auta a gabansa, ya manne idon hagu da filasta don kada ya yi masa shisshigi, buroshi a hannu. Kujerar zama kuwa ba kowa a kai. Mutumin da ya kori masu kuɗi, ya zauna da talauci shekara da shekaru don kada ya zana da ka, yau ga shi yana zanawa da ka, a ɓoye, kamar ɓarawon nama. A wuyan hoton akwai layi guda mai ruwan toka, tsawon ɗan yatsa, fentin ko bushewa bai fara ba. Kuma ko ni da ban san zane ba na ga layin bai zauna ba, kamar an ɗora tsutsa.

Uwar Biyu ba ta yi ihu ba. Ta ɗauki tsumma mai tsabta, ta ɗiga masa man da yake wanke buroshi da shi, ta goge layin a hankali yadda ake goge wa jariri baki. Ya fita tas, don na ƙasan ya daɗe da bushewa. Sannan ta juyo.

Ta ce, "Baban Biyu, ka yi min alkawari gaban Yaya ba za ka sake taɓa shi ba."

Na yi ta ƙifta masa ido. Kalma ɗaya ce, "na yi", ko yaron goye ya san nan wurin faɗinta ne. Ya kalli buroshin, ya kalli hoton, ya kalle ta.

Ya ce, "Ba zan iya ba. In yana gidan nan zan taɓa shi. Yau ko wata rana."

Na ce, "Kai, ka yi ƙarya mana sau ɗaya ka ga ko za ka mutu!"

Ya ce, "Ai na yi, Yaya. Ga ta nan a jingine."

Na ce a kai gidana. Uwar Biyu ta ce gidana da aljihun Auta duk ɗaya, ya san inda nake ajiye mabuɗi tun muna yara. Na ce a aika wa ɗaya daga cikin tagwaye. Ta ce waɗannan in ubansu ya yi tari sau biyu za su miƙa masa har da firam. Ta tsaya tana kallon hoton, ta daɗe, sannan ta ce in miƙo mata waya.

'Yar Tabarau ta iso kafin awa guda, ko numfashi ba ta gama mayarwa ba. Uwar Biyu ta kafa mata sharaɗi uku: a rufe shi da gilashi, a sayar wa wanda bai san Auta ba kuma ba ya jin kunyarsa, sannan ya zama wurin da mutum zai iya shiga ya gani ba sai ya yi sallama da maigida ba. Ita da kanta ta naɗe shi da bargo, ta riƙe gefe guda har mota. Auta yana tsaye a ƙofa da filastarsa, bai hana ba, bai taya ba. Da motar ta tashi ta dawo ta mayar da agogo kan ƙusarsa, ta shiga ɗaki ta rufe. Kwana huɗu magana ba ta haɗa su ba sai ta "ga abincinka".

An yi baje koli, hoton yana bakin ƙofa, mutane suna tsayawa suna dafe ƙirji. Farfesa ya yi jawabin minti arba'in. Auta ya zauna a lungu da baƙin tabarau, duk wanda ya zo taya shi murna sai ya ce masa, "Ciwon ido ne." Suka ce kai, manyan masu fasaha akwai barkwanci.

Bayan an yi masa ido na biyu ya koma gidan jiya. Wata matar mai otal ta zo da ɗokinta a zana ta cikin zuma, ta tafi da haɓa uku. Cikin wata shida layin ya watse, 'Yar Tabarau ta daina ɗaga waya, Farfesa ya rubuta cewa abin takaici ne yadda tsufa ke dakushe gwani. Auta kuwa har ƙiba ya yi. Ya nemo mahaucinsa ya ba shi haƙuri, ya sake zana shi da duk abin da Allah ya ba shi.

Hoton kuma wani likitan haƙori ne ya saya, can ɗaya gefen gari, bas biyu ake hawa. Ya rataye shi a ɗakin jira, sama sosai, wai yana kwantar wa masu ciwo da hankali kafin a kira su. Tun daga nan Uwar Biyu, matar da haƙoranta talatin da biyu ba wanda ya taɓa girgiza, ta zama mai yawan ciwon haƙori. Duk farkon wata sai ta shirya ta tafi a duba ta. Likitan ya duba ya ce lafiya lau, ta ce to madalla, a rubuta mata wata mai zuwa. Takan je awa guda kafin lokacinta.

Watan jiya na raka ta. Muka zauna a kujerun roba muna fuskantar bangon, tana riƙe da jakarta a cinya, kanta a ɗage. Kusa da mu wata mata ce ta dafe kunci da ƙyalle, ta kalli hoton, ta kalli Uwar Biyu, ta sake kallon hoton.

Ta ce, "Mama, kun yi kama kuwa. 'Yarki ce?"

Uwar Biyu ta gyara zama, ba ta sauke ido daga bangon ba.

Ta ce, "Ni ce. Maigidana ya zana, lokacin yana gani da kyau."